Ƙarfe biyun nan masu tsatsa da ke tsakiyar layin dogo a kan gada, me suke yi a wurin?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli hoton tsohuwar gadar jirgin ƙasa, ta Amurka ce ko ta Ingila ko ta Indiya, in ya lura da kyau zai ga dogo huɗu ne a shimfiɗe maimakon biyu. Biyun waje suna ƙyalli saboda kullum ƙafar jirgi na gogarsu, biyun ciki kuwa sunyi tsatsa jajir, babu alamar wani abu ya taɓa bi ta kansu, kuma in ka bi su da ido har ƙarshen gadar sai kaga sun zarce gaba kaɗan, sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiya sunyi tsini. Da yawa sukan ɗauka ragowar ƙarfe ne aka ajiye saboda ranar gyara, wasu suce layin wani ƙaramin jirgi ne na da, wasu kuma suce don a ƙarawa gadar ƙarfi ne. Ko ɗaya ba haka bane. Dogon kariya ne, kuma aikinsa baya farawa sai bayan ƙafar jirgi ta riga ta sauka daga kan layi.

Wannan shine abun da nake so mu riƙe tun daga farko, domin anan mutane ke ruɗewa: ƙarfen nan baya hana jirgi gocewa, abun da yake yi shine ya hana jirgin da ya goce ya tafi inda yaga dama. In tarago ya sauka daga layi a fili, cikin daji ko tsakiyar gonaki, sau tari sai dai ya farfasa katakon silifa, wato katakon da dogo ke zaune a kai, ya tono tsakuwa, ya ja jiki ya tsaya, mutane su fito da buguwa da tsoro. Amma a kan gada, tafiyar taku ɗaya ko biyu zuwa gefe ita ce tsakanin tsira da faɗawa kogi.

Bari in ɗan tsaya akan yadda abun ke aiki, don akwai wata dabara a ciki da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙafafun jirgi bibbiyu ne, na dama da na hagu a haɗe suke da sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa, kuma kowace ƙafa tana da leɓe ta ɓangaren ciki wanda tsawonsa bai wuce kamar santimita 3 ba. Wannan ɗan leɓen da kuma yadda aka ɗan karkata fuskar ƙafar su ne ke riƙe da tarago mai nauyin tan da yawa akan layi. To ka ɗauka ƙafafun sun goce zuwa dama. Ta dama zata faɗa waje da dogon dama, babu abun da zai tare ta. Amma ta hagu fa? Ita cikin layi zata faɗo, tsakanin dogo biyu, tana matsawa tsakiya, kuma nan ne zata ci karo da dogon kariya na hagu. Tunda sanda ɗaya ce ta haɗa su, in ka tare ta hagu ka tare ta dama kenan. Kaga ashe ƙarfen da ke can ɗaya gefen, nesa da bakin ramin da taragon ya nufa, shine ke ceton shi. Ƙafar sai ta samu kanta a wani ɗan lungu tsakanin dogon asali da na kariya, kamar shanu a burtali, ba dama ba hagu sai dai gaba, tana ta sukuwa akan katako har birki ya kama ko a fita daga gadar.

Shi yasa tazarar da ake bari take da muhimmanci. Faɗin ƙafar jirgi ya kai wajen santimita 13 zuwa 14, saboda haka dole lungun ya fi haka faɗi don ƙafar ta samu wurin faɗawa, a Amurka an fi barin kusan inci 10, wato wajen santimita 25. Kuma kada a haɗa shi da ɗan uwansa da ake sawa a kwana mai tsanani ko a mararrabar da jirgi ke canja layi, wancan tazararsa bata wuce santimita 4 zuwa 5 ba, kullum bayan leɓen ƙafa na gogarsa, shi aikinsa hana gocewar ne tun kafin ta faru, shi yasa zaka ganshi yana ƙyalli. Na kan gada kuwa zai iya shekara 50 babu abun da ya taɓa shi. Galibi ma tsohon dogo ne da ya cinye aka cire daga babban layi ake kawowa a kafa, tunda ba nauyi zai ɗauka ba.

Toh me yasa mutanen ƙarni na 19 suka damu da wannan haka? Saboda a zamaninsu gocewar jirgi ba baƙon abu bane ko kaɗan. Ƙafafun Amurka na narkakken ƙarfe ne da ake zubawa a mazubi, yana iya tsagewa, na Ingila kuma zoben ƙarfe ake ɗaurawa akan ƙafar, zoben yana iya karyewa ya fita. Dogon kansa ba irin ƙarfen yanzu bane, in sanyi yayi tsanani sai ya karye kamar ba ƙarfe ba. Sandar da ke haɗa ƙafafu tana gajiya ta tsinke babu sanarwa. Ga kuma babbar matsala, birki. Kafin George Westinghouse ya fito da birkin iska a 1869, sannan irin wanda ke kama kansa in jirgi ya rabe a 1872, mutane ne ke bin taragu suna murɗa birki da hannu, kuma an daɗe kafin doka ta tilasta sabon, Birtaniya sai 1889, Amurka sai 1893. Ma'ana taragon ƙarshe zai iya sauka daga layi, direba yana can gaba cikin ƙarar inji bai sani ba, yana ta jan shi har a iso gada. A jajibirin Kirsimeti na 1874 a Shipton-on-Cherwell kusa da Oxford, zoben ƙafa ɗaya ne ya karye, mutum 34 suka rasu.

Ku duba abun da ya faru a Kanada ranar 12 ga Maris 1857. Jirgin Great Western ya taso daga Toronto zashi Hamilton, yana gab da hawa gadar katako ta mashigin ruwan Desjardins sai sandar ƙafafun kan jirgin ta karye. Ba wani gudu yake ba. Amma da ƙafafun suka sauka kan katakon gadar sai suka dinga sarar shi suna farfasawa, benen gadar ya ɓurma, kan jirgin da taragu suka rufta kusan mita 18 zuwa kan ƙanƙarar da ta rufe ruwan. Mutum 59 suka mutu cikin kusan 100. Anan darasin ba na faɗawa gefe bane, na ɓurmawa ƙasa ne, gadar tana iya ɗaukar jirgin da ke kan dogo amma ba'a gina benenta don jirgin da ya sauka daga dogo ba.

Bayan shekara 10, ranar 18 ga Disamba 1867, sai na Angola, wani ƙaramin gari a jihar New York, ba ƙasar Angola ta Afirka ba. Jirgin ya taso daga Cleveland zashi Buffalo, ya makara yana ƙoƙarin cike lokaci, taragon ƙarshe ya bi ta kan mahaɗar layi sai ƙafarsa mai matsala ta yi tsalle ta sauka, da sauran sama da mita 150 kafin gadar rafin Big Sister. Duk wannan tazarar taragon yana ta tangal-tangal ana jan shi, babu wani abu a ƙasa da zai daidaita shi, yana hawa gadar ya ɓalle ya faɗa kwarin, na gabansa ma ya faɗa ta ɗaya gefen. Lokacin hunturu ne, kowane tarago da murhun gawayi a ciki da fitilun kananzir, taragon katako ne, wuta ta tashi. Kusan mutum 50 suka mutu, da yawansu ko gane su ba'a iya yi ba. John D. Rockefeller, wanda daga baya ya zama attajirin man fetur, jirgin nan yaso shiga ya makara, kayansa ne kawai suka tafi.

Abun takaicin shine bayan wajen shekara 19 kusan irinsa sak ya sake faruwa. Ranar 5 ga Fabrairu 1887, wajen ƙarfe 2 na dare, cikin sanyin da ya wuce misali, jirgin da ke zuwa Montreal ya taka karyayyen dogo kafin gadar kogin White kusa da Hartford a jihar Vermont. Taragon baya ya goce, aka ja shi har kan gadar, ya karkace ya faɗa ya janyo uku tare da shi, suka kifa kan ƙanƙara daga tsayin kusan mita 13, wuta ta cinye su ta cinye gadar katakon baki ɗaya, mutum sama da 30 suka rasu. Ku lura da abun da ya haɗa ukun nan: babu ɗaya da gocewar ta fara a tsakiyar gada. Duk kafin gada ne. Wannan ne ya sa dogon kariya baya tsayawa a bakin gada, sai an ja shi waje mita goma sha wani abu ko fiye, an haɗa bakinsa yayi tsini a tsakiyar layi yana fuskantar inda jirgi ke tahowa, don ya tarbi ƙafar da ta riga ta ɓata hanya ya rarrasota a hankali ta dawo kusa da dogonta kafin ta hau. In layi ɗaya ne da jirage ke zuwa da dawowa akansa, sai ayi tsinin ta baki biyu.

Kuma ba ƙarfen kaɗai bane, wannan ma mutane na mantawa. Injiniyoyin wancan lokacin sun gano cewa in katakon silifa yana da tazara sosai, ƙafar da ta sauka zata faɗa tsakaninsu ta tura su gaba su taru wuri ɗaya, sai babban rami ya buɗe taragon da ke biye ya zurma. Sai suka matso da katakon kusa da juna, suka ƙara masa kauri, sannan suka shimfiɗa wani dogon gungume a kowane gefe ta waje, an sassaƙa masa gurbi yana zama akan kowace silifa an ɗaure da noti, don ya riƙe su kada su motsa. Wannan gungumen da kuke gani a bakin tsofaffin gadoji da yawa sukan ɗauka shine zai tare jirgi, alhali babban aikinsa riƙe katako ne. Asali ma in ƙafar waje ta riga ta kai gare shi da ƙarfi tana iya hawa kansa taragon ya kife, shi yasa ake auna abun yadda ƙarfen ciki zai kama tashi ƙafar tun kafin ta waje ta isa gungumen. Sai ka haɗa uku, ƙarfen ciki da katako matsattse da gungumen waje, kafin ka samu benen da zai iya ɗaukar jirgin da ya goce.

Irin gadar ma tana canja lissafi. In jirgi ta saman gadar yake bi babu komai a gefe, tsoron shine faɗawa. In kuma irin mai kejin ƙarfe ce da jirgi ke ratsawa ta ciki, tsoron ya fi haka, domin kowane ƙarfe a kejin yana ɗauke da rabonsa na nauyi, tarago ya karkace ya daki guda ɗaya mai muhimmanci sai duk ɓangaren gadar ya sauka da jirgin a cikinsa.

Amma fa gaskiya ba kowa ya yarda da abun ba, kuma masu ja suna da hujja. Tsinin nan da na faɗa takobi ne mai kaifi biyu, in ƙafar ta riga ta yi nisa har ta wuce tsakiyar layi, to ta ɗaya gefen tsinin zata bi, sai ƙarfen da aka sa don ya dawo da ita ya zama shine ke ƙara korarta waje. Sannan duk wani abu da ya saki yana ja a ƙarƙashin tarago, sarƙa ko sandar birki, yana iya sarƙewa a bakin, shi yasa ake dushe shi a karkatar da shi ƙasa. Ga kuɗi, ga wahalar gyara, duk sanda za'a canja katako sai an kwance dogo huɗu maimakon biyu, da aka zo zamanin injin danne tsakuwa kuma ƙarfen na tare masa hanya. Da aka fara amfani da wutar lantarki a cikin dogo don sigina ta gane ko akwai jirgi a kan layi, sai da aka kula kada dogon kariya ya haɗa wutar dama da ta hagu. Saboda haka kowane kamfani da tsarinsa, wani yasa a duk gadar da ta wuce wani tsawo, wani sai mai tsayi ko mai kwana. A ganina masu cewa a sa sun fi gaskiya a kan doguwar gada mai buɗaɗɗen bene, domin ƙafar da ta yi nisa har ta wuce tsakiya ai dama taragon ya riga ya karkace sosai, da ƙarfen da babu shi tana cikin hatsari, amma wadda ke kusa da dogonta, wadda ita ce aka fi samu, ita ƙarfen zai cece ta.

Akwai kuma inda ƙarfen nan bashi da abun yi kwata-kwata, kuma gadar Tay a Sikotilan ita ce babban misali. An buɗe ta a 1878, tsawonta ya haura kilomita 3, Thomas Bouch ne ya zana ta, kuma tana da dogon kariya, nata ma ya ɗan fi dogon asali tsayi. Daren Lahadi 28 ga Disamba 1879 aka yi guguwa mai ƙarfi, mutanen da suka ga jirgin da ya riga wucewa sun bada shaidar cewa sunga tartsatsin wuta na fita daga ƙafafunsa, iska na tura shi gefe ƙarfe na gogar ƙarfe. Jirgin da ya biyo baya shine ya shiga dogayen kejin tsakiya, duk ɓangaren ya rufta cikin ruwa da shi, babu wanda ya tsira, an ƙiyasta mutum 75 duk da waɗanda aka tabbatar da sunansu 59 ne. Bouch ya kafe akan cewa taragun baya ne suka goce suka daki kejin shi yasa ta faɗi, wato yana so ya ɗora laifin akan jirgi. Masu bincike basu karɓa ba, suka ce ba'a yi lissafin ƙarfin iska yadda ya kamata ba, ginin da kulawar ma duk da sakaci. Bai cika shekara ba ya rasu. In ginshiƙan da ke ƙasa sun tafi, duk abun da ka ɗaura a sama tare zasu tafi. Haka a Japan, a gadar Amarube, shima 28 ga Disamba amma ta 1986, iska ta ɗauke taragu 7 babu fasinja a ciki ta jefo su daga tsayin mita 41 kan wata masana'antar sarrafa ƙaguwa, mutum 6 suka mutu, kwandastan jirgin da mata 5 masu aiki a ƙasa. Taragon da iska ta kifar ƙafarsa sama take ɗagawa, ƙarfen da ke ƙasa bashi da abun kamawa.

Zancen ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse ko ƙarƙashin gari kuwa ya fi na gada rikitarwa, shi yasa zaka ga wani ramin da dogon kariya daga farko har ƙarshe, wani a bakin shiga kawai, wani babu ko kaɗan. Mai cewa ba'a buƙata zai ce maka ina jirgin zai faɗa, ai bango ne dama da hagu. Haka ne in dutse ne mai ƙarfi kuma layi ɗaya. Amma ramuka da yawa a yammacin Amurka da katako aka tokare su, gungume a tsaye dama da hagu da wani a sama, an jera su kusa da kusa suna riƙe da ƙasa da duwatsu, haka ma rumfunan katakon da kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific ya gina a tsaunukan Sierra Nevada don kare layi daga dusar ƙanƙara, wajen kilomita 60. Tarago ɗaya ya karkace ya share gungume 10 a jere, rufin ya zubo akan jirgin, in wuta ta kama kuma ramin ya zama murhu. Bakin ramin shima wuri ne mai hatsari, taragon da ya ɗan fita daga saiti zai daki kan bangon ne gaba da gaba maimakon ya goge shi ya wuce. In kuma layi biyu ne a rami ɗaya, tsoron shine wanda ya goce ya leƙa layin maƙwabci wani jirgin na tahowa a duhu.

Jiragen cikin gari sun fi kowa sanin wannan. A Brooklyn cikin New York ranar 1 ga Nuwamba 1918, ana yajin aiki aka ba wani ma'aikaci da bai ƙware ba tuƙi, ya shiga kwanar bakin ramin titin Malbone, wadda aka ƙayyade mata mil 6 a awa, da gudun da ya haura mil 30, taragun katako suka daki bangon kankaren da ya raba layi, aƙalla mutum 93 suka mutu. A 1991 ma a Union Square cikin New York ginshiƙan ƙarfen da ke riƙe da rufin ramin ne suka yanka tarago, mutum 5 suka mutu. A irin wannan gudun a irin wannan kwanar babu ƙarfen da zaiyi alkawari, amma sun nuna ainihin abun tsoro a cikin rami, wato duk wani abu mai kaifi ko ginshiƙi da ke tsaye kusa da layi. Wannan tunanin ne yasa ake sa dogon kariya har a ƙarƙashin gadar mota inda ginshiƙanta ke kusa da dogo. A Granville cikin Sidni ta Ostireliya, 18 ga Janairu 1977, jirgin ma'aikata na safe ya goce ya kwashe ginshiƙan gadar titin Bold, gadar ta sauko akan taragu cike da mutane, sama da 80 suka rasu.

Ramukan zamani sun ɗauki wata hanyar. A ramin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, kowane layi da raminsa, kuma dakalin kankaren da ke gefe biyu na masu tafiya a ƙafa an tsara shi yadda zai riƙe jirgin da ya goce a tsaye ya cigaba da miƙewa. Aikin dai ɗaya ne, kankare ne ya karɓi na ƙarfe. Kuma abun da ya faru a ramin Gotthard na Siwizalan, mai kilomita 57, ya nuna inda matsalar ta koma. Ranar 10 ga Agusta 2023 ƙafar wani taragon kaya ta fashe, jirgin ya cigaba da jan shi kilomita da dama a miƙe yana ɓarnata layi amma bai kife ba, sai da aka iso mararrabar Faido inda ake canja layi sannan abu ya watse, taragu 16 suka goce. Ba wanda ya ji rauni, amma sai da aka sake shimfiɗa wajen kilomita 7 na layi, ramin bai dawo aiki gaba ɗaya ba sai Satumba 2024.

Mararraba kam ita ce wurin da ƙafar da ta lalace ke gamuwa da ajalinta, tun daga Angola har yau. Mafi ciwo a ciki shine Eschede a Jamus, 3 ga Yuni 1998, jirgin ICE mai gudun kilomita 200 a awa, zoben ƙafa ya karye ya soke ƙasan tarago ya maƙale, aka tafi da shi haka kusan kilomita 6, da aka iso mararraba sai ya kwashi ɗan gajeren ƙarfen nan mai riƙe leɓen ƙafa, ya tumɓuke shi ya huda cikin taragon ya ɗaga ƙafafun daga layi, tarago ya daki ginshiƙin gadar mota ta rufto, mutum 101 suka mutu. Ƙarfen da aka kafa don tsaro shi ya shiga cikin sanadin, kuma wannan baya nufin a cire shi, ba'a iya mararraba babu shi, yana nufin dole a gano ƙafar da ta lalace tun kafin ta iso wurin.

Mu a nan muna da manyan gadojin jirgi da suka tsufa, ta Jebba akan kogin Neja tun zamanin yaƙin duniya na farko, ta Makurdi akan Binuwai tun 1932, ga kuma sababbin da aka yi a layin Abuja zuwa Kaduna. Abun da ke damuna wallahi shine satar ƙarfen dogo da ake ta kamawa ana kai wa 'yan gwangwan, domin duk wani ƙarfe mai tsatsa da jirgi baya taka shi, shine farkon wanda ɓarawo zai ce bashi da amfani, kuma shine wanda in an kwance shi jirgi zai cigaba da wucewa lafiya lau wata da watanni babu wanda ya lura, sigina bazata nuna ba, direba bazai ji a jikinsa ba. Dan Allah duk wanda ke zaune kusa da layi yaga ana kwance wani abu a bakin gada, ko noti ne, ya sanar da ma'aikatan reluwe ko jami'an tsaro.

Mutanen Japan su suka kai wannan tsohuwar dabarar wani mataki, saboda su abokin gabarsu girgizar ƙasa ce kuma yawancin layin jirginsu mai gudu ko dai a kan doguwar gada yake ko a cikin rami. Ranar 23 ga Oktoba 2004 girgizar ƙasa ta afkawa yankin Niigata, jirgin Toki 325 yana gudun kusan kilomita 200 a awa, bai daɗe da fitowa daga rami ba yana kan gada, taragu 8 cikin 10 suka sauka daga layi, karo na farko kenan da Shinkansen, jirginsu mai tsananin gudu, ɗauke da fasinja ya goce tun da aka fara shi a 1964. Ya ja jiki sama da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, bai kife ba, bai faɗo ba, cikin mutum sama da 150 babu wanda ya mutu. Da aka bincika sai aka ga wasu ƙarafan ƙarƙashin taragun ne suka maƙale dogon tsakaninsu da ƙafa, dogon asali ya zama shine na kariya ba tare da kowa ya tsara hakan ba. Kamfanin JR East sai ya mayar da wannan sa'ar ta zama tsari, ya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a gefen kowace ƙafa wanda zai kama dogo in an goce, wato kariyar ta bar ƙasa ta koma jikin jirgi, tana tare da shi a gada da rami da fili. JR Central kuma, mai layin Tokyo zuwa Osaka, daga 2009 ya fara shimfiɗa ƙarfen kariya dab da dogo ta ciki don kada ƙafar ta sauka tun farko in ƙasa ta girgiza, kuma sun yi shi yadda za'a iya kwantar da shi gefe in injin danne tsakuwa zai wuce, a mayar da shi bayan an gama.